Maganin da Ake Shafawa da Safar Hannu

Da damina na sauka Zariya, ana yayyafi, ina sanye da safa da riga mai dogon hannu da hijabi har ƙasa, don kada kowa ya ga abin da ke jikina. Sunana Zuwaira, mutuniyar Tasawa ce ni a ƙasar Nijar, kuma kitso ne sana'ata tun ina budurwa. Na yi shekaru ina fama da wasu tabbuna a cinya da ciki da gadon baya, masu ƙaiƙayin da ke sa mutum ya soshe kansa har jini. An ce makero ne, an ce ƙyasfi ne, an ce sammu. Na sha sassaƙe, na shafa man kaɗanya da duk abin da aka miƙo mini. Da tabbunan suka sauko bayan hannuwana, matan da na yi wa kitso tun suna amare suka koma wurin wata. Wani likita a Maraɗi ne ya ce abin ya fi ƙarfin man shafawar kasuwa, sai an yanki fatar an duba, in nemi likitocin fata. Na zaɓi Zariya saboda ƙanin mijina marigayi, Alhaji Sale, yana can yana sayar da kayan gini.

Gidansa na Unguwar Gabas ne, a Sabon Gari. Kwanakin farko an karɓe ni da mutunci. Matarsa Hajiya Binta ta ba ni ɗakin 'ya'yanta mata, muna cin tuwo kwano ɗaya, tana dariyar Hausata, ina dariyar tata. Ran nan na fito daga wanka da ɗaurin ƙirji, ban san tana tsakar gida ba. Ta dubi bayana, ta wuce. Da aka kawo abincin rana sai na ga nawa a wani kwano daban, an ɗaura jan zare a hannun wata buta an ajiye mini a gefe. Ƙaramar 'yarta ta zo za ta zauna a cinyata kamar yadda ta saba, uwar ta fizge ta har yarinyar ta faɗi.

Da yamma Alhaji ya tsaya daga bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Matar Yaya," ya ce, "ɗakin da ke zaure ya fi iska. A can za ki fi sakewa."

Ɗakin ajiye siminti ne da tsofaffin tayoyi. Na share, na shimfiɗa tabarma.

A babban asibiti an yanki fata daga cinyata, aka ce in jira. Jiran ya yi tsawo. Ranar da sakamako ya fito, likitar, wata mace mai tabarau da ba ta cika magana ba, ta sa na zauna kusa da ita, ta kama hannuna ba safa ba komai.

"Hajiya, ba kuturta ba ce," ta ce. "Kuma ba a ɗauka. Ko kwano ɗaya kuka ci da mutum, ko gado ɗaya kuka kwana, ba abin da zai same shi. Amma daji ne."



Ta ce ba irin wanda nake jin labari ba ne. Wasu ƙwayoyin jini ne farare, masu tsaron jiki, suka lalace suka taru a fata. Nawa bai shiga ciki ba, tafiyar hawainiya yake yi, mutum kan shekara da shekaru da shi. Ba a cika warkewa kwata-kwata ba, amma ana danne shi. Maganin kuwa dangin wanda ake ɗura wa masu daji ne ta jijiya, sai dai shi an haɗa shi a man shafawa. Za a ajiye shi a firji, nesa da abinci. Zan shafa kaɗan-kaɗan a kan tabon kawai, fata a bushe, in bari ya sha iska kafin in mayar da tufa, kada in kusanci wuta sai ya bushe. Kada ya taɓa ido ko baki. Duk wanda zai shafa mini sai ya sa safar hannu ta roba, mai ciki kuwa ko kusa kada ta zo.

"Akwai mai shafa miki a baya?"

Na ce akwai. Kunya ce ta sa na faɗi haka.

Ta rubuta sunan maganin, ta ce ba kasafai ake samunsa a ƙasar ba, sai an yi oda, in gwada manyan shagunan magani na unguwar PZ.

Na koma gida kusan da murna, ina ɗokin in gaya musu ba a ɗauka. Hajiya Binta na tankaɗe, ta ji kalmar daji, ta ajiye rariya.

"Daji kuma? A gidan da ke cike da yara?"

Na maimaita abin da likita ta ce. Alhaji ya ce likitoci suna faɗin abin da zai kwantar wa mutum da hankali ne, shi dai ya ga abin da idonsa ya gani. Daga ranar 'ya'yansu ko gaishe ni daga nesa suke yi.

PZ na yi ta zagayawa shago-shago. Wasu su duba rubutun su girgiza kai, wasu su dubi hannuna su ƙi karɓar takardar ma. Ina tsaye bakin wani shago ina tambaya, sai na ji an ce daga bayana, "Inna, ina kwana? Lahiya lau? Wannan Hausar ai ta gida ce."

Wani magidanci ne mai tsagen mutanenmu a fuska, ya ce sunansa Habu, ɗan Tasawa. Ya ambaci unguwarmu, ya ambaci mai gyaran keken da ke bakin kasuwa, ya san har gidan da mijina ya tashi. Wata da watanni ban ji wani ya yi magana irin ta gida ba. Sai da na zauna a kan benci na yi hawaye. Ya sayo mini ruwan leda, ya ce shi ma uwarsa ciwon fata ta yi, ba zai bar 'yar garinsu ta wulaƙanta a ƙasar mutane ba. Ya san wani mai shigo da maganin daga Kwatano.

Na sayar da 'yan kunnena na zinariya da awarwaron da na gada, na damƙa masa. Bai gudu ba. Bayan kwanaki ya zo har zauren Alhaji da wata 'yar kwalba a cikin kula, an zagaye ta da ƙanƙara, ya ce in yi maza in sa a sanyi. Wannan ƙanƙarar ce ta sa ban yi shakka ba.

Makon farko ƙaiƙayi ya lafa, na yi barci irin wanda na manta. Sai fatar ta fara fari, ta yi laushi kamar ta jariri, sannan ta fara tsagewa. Maruru suka fito a cinya. Zanena ya riƙa mannewa da jikina, in na tashi sai na ɓamɓare shi a hankali ina cije leɓe. Da na koma asibiti likitar ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta lakato ta murza a kan takarda.

"Man bilicin ne, an juye shi a wannan. Me ya hana ki kawo mini in gani tun farko?"

Na ce ɗan garinmu ne ya kawo.

Ta cire tabarau ta goge, ta daɗe ba ta mayar ba. Sannan ta sa aka wanke mini gyambunan, ta ce ba za a fara maganin gaskiya ba sai sun rufe.

Na koma PZ neman Habu, na kuwa same shi. Yana zaune a rumfar mai shayi yana cin ƙwai da burodi cikin mutane. Na tsaya a gabansa na kira sunansa. Ya ɗago ya dube ni daga sama har ƙasa, ya amsa da Hausar Zariya tsaf, babu ko ɗigon ta gida a bakinsa.

"Baiwar Allah, ban san ki ba. Ku ba kuturwan nan sadaka ta wuce, muna cin abinci."

Na ɗaga hannun rigata don mutane su ga abin da ya yi mini. Kuskuren da na yi ke nan. Waɗanda ke kan benci suka tashi da kofunansu, mai shayi ya rufe burodinsa da leda, wani ya jefo mini kuɗi a ƙasa. Habu ya ci gaba da cin ƙwansa.

Wani mai shagon magani a tsallaken titi, mutumin Kudu ne da furfura, ya ga abin da ya faru. Ya yafito ni, ya karɓi takardar likita ya karanta, ya buga waya Legas a gabana. Da 'yar Hausarsa ya ce, "Mama, magani za zo, amma za daɗe. Idan ya zo, kai wa likita ya gani tukuna. Ko ni kada ki yarda." 'Yan'uwana na Tasawa suka sayar da awakina da keken ɗinkin da mijina ya bari, da haka aka biya.

Kafin maganin ya iso, Hajiya Binta ta ga zanena a kan igiya da tabon ruwan gyambo. Washegari da safe na tarar da jakata a cikin keke napep a ƙofar gida. Alhaji ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, marigayi ma ba zai ga laifinsa ba. Ya sallami mai keken, ya ce a kai ni tasha. Da muka sha kwana na ce wa yaron ya juya Samaru, don ita ta fi kusa da asibiti.

A Samaru ɗakunan haya sun yi yawa saboda ɗalibai, amma duk gidan da na shiga sai a dubi hannuna a ce an riga an kama. Azahar ta yi mini a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, kusa da teburin wata dattijuwa mai sayar da zoɓo da kunun aya. Ta gane ni, ashe mun taɓa zama layi ɗaya a asibiti, ita tana zuwa saboda hawan jini. Sunanta Mama Rahila, tsohuwar malamar firamare daga Kudancin Kaduna, Kirista, mijinta ya rasu. Ta tambaye ni abin da likita ta ce, na gaya mata duka, har da daji.

"Ta ce ana ɗauka?"

"Ta ce ba a ɗauka."

"To ɗauki jakanki. Akwai ɗaki a baya, kaji ne suke kwana a ciki, sai mu kore su."

Da maganin ya iso, likita ta duba ta ce shi ne. Mama Rahila na da babbar firiza ta sana'a da wani ƙaramin firji a ɗakinta na ruwan sha. Ta kwashe ruwan, ta sa maganin a cikin gwangwanin madara mai murfi, ta ajiye shi can. In an ɗauke wuta sai ta ciro ƙanƙara daga firiza ta jera masa.

Ciki da cinya ina iya shafawa da kaina. Baya ne ya gagare ni. Ina murɗa hannu ina kai wa inda ya kai, wani lokaci in shafa a lafiyayyar fata ta ƙone a banza. Wata safiya ta turo ƙofa ta same ni haka, zane a ƙugu, ina kuka don takaici.

"Ina safan?" ta ce.

Na ce ba sai ta yi ba, maganin guba ne.

"Ni na wuce haihuwa tun tuni. Juya."

Ta sa safar, ta ja kujera 'yar tsugunne. Yatsanta na bin tabo ɗaya bayan ɗaya, tana rera waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa da yarensu. Ta cikin roba ne, amma ban tuna rabon da wani ya taɓa bayana ba. Kullum bayan ta dawo addu'ar safe haka muke yi. In ta gama ta cire safar ta ƙulle a leda, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta bar ni zaune ina jiran ya bushe. Lokacin salla kuwa ita ke leƙo ni ta ce an kira.

Maganin bai zo da sauƙi ba. Bayan 'yan makonni fatata ta yi ja kamar an watsa mini tafasasshen ruwa, ta yi bororo, ƙaiƙayin ya fi na da. Na ce an sake cutata. Likita ta ce haka yake yi wa mutane da yawa, ta sa na dakata, ta ba ni wani man na kwantar da zafi, sannan muka koma ana tsallake kwanaki. Sai da rani ya shigo na lura tabbunan cikina sun kwanta, sun daina ɓarewa, sun bar baƙin shaci kawai. Na nuna wa Mama Rahila, ta yi ta tafa hannu kamar ɗaliba ta ci jarrabawa.

Amma cinikinta ya faɗi. Wata ɗaliba ta shigo tsakar gida neman canji ta gan ni zaune ina shan iska, magana ta zagaya unguwa cewa mai zoɓo ta ajiye kuturwa. Na riƙa ganin tana dawo da robobin kunu da yamma, ya yi tsami, tana zubarwa a kwata. In na yi magana sai ta ce hutun makaranta ne ya kusa.

Sai ɗanta Bulus ya zo daga Kaduna da matarsa mai tsohon ciki, don ta haihu a gaban uwarsa. Ranar da suka iso na ce wa Mama Rahila a fitar da maganin daga ɗakin, ta ce za ta yi masa bayani in ya huta. Bai huta ba. Matarsa ta nemi ruwan sanyi, ya buɗe ƙaramin firji, ya ga gwangwanin, ya karanta sunan, ya duba a wayarsa. Ina cikin ɗaki na ji muryarsa.

"Mama, kin san mene ne wannan? Maganin cutar kansa ne. An rubuta yana lalata jariri a ciki. Shi kika ajiye a ɗakin da matata za ta kwana?"

"A rufe yake, Bulus. Ba wanda ya taɓa."

"Ke kina taɓawa. Da hannun nan za ki karɓi ɗana?"

Ya fito ya yi jifa da gwangwanin, ya buɗe a tsakiyar gida, maganin ya gangara bakin kwata cikin rana. Na fito na durƙusa na ɗauka, na goge shi da gefen hijabina. Bulus bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Hajiya, ki yi haƙuri, amma ko ke ko mu." Na dubi Mama Rahila. Tana tsaye a bakin ƙofarta, hannunta riƙe da labule. Ban bari ta zaɓa ba. Na shiga na haɗa jakata.

Hanwa na samu ɗaki, kusa da layin dogo, a gidan wani tsoho da idonsa ya yi rauni har bai ga hannuna ba. Babu firji, wuta ma sai an yi sa'a. Na sayi ƙaramar kula, kullum ina sayen ƙanƙara. Na sayi sabuwar muciya, na sa mata safar roba a kai na ɗaure da zare, da ita nake kai maganin baya, ina duba da madubi biyu. Rabi a kan tabo, rabi a gefe. Na fara yi wa yaran unguwa kitso, hannuwana cikin safa, iyayensu suna zaton gayu ne.

Mama Rahila ta zo wasu ranakun Laraba, da safar roba a jakarta, ta ce ta gaya musu taron zumuntar mata za ta. Ta ga muciyar a jingine, ta juya fuska. Bayan surukarta ta haihu ba ta sake zuwa ba. Ban ga laifinta ba, ban kuma je ba.

Ina Hanwa aka bugo mini waya daga Tasawa cewa 'yata Mariyama, ita kaɗai Allah ya bar mini, ta haifi mace. Na je wurin likita na tambaye ta ko zan iya ɗaukar jaririya. Ta ce ciwon ba zai taɓa ta ba, maganin ne abin tsoro, don haka in dakata da shafawa tun kafin in tafi, in wanke tufafina, in ɗauki jikata yadda nake so. Ta ce mai yiwuwa tabbunan su ɗan taso, za mu ci gaba in na dawo. Na daina shafawa a ranar. Na sayi 'yan riguna da sabulu a kasuwar Sabon Gari, na kama hanya.

Ranar suna na isa. Ashe maganar Alhaji Sale ta riga ni zuwa. Uwar mijin Mariyama ta tare ni a zaure, ta yi mini sannu da hanya da fara'a, ta ce ciki ya cika da mutane, an shimfiɗa mini tabarma a gindin dogon yaro a waje. Na zauna. Matan da na yi wa kitson aure suna wucewa suna gaishe ni ba tare da sun rage tafiya ba. An kawo mini fura a kofin roba sabo.

Can Mariyama ta fito, jaririyar a kafaɗarta cikin farin tawul. Na miƙe, na ture hannun rigata don ta ga yadda fatar ta kwanta. Na ce likita ta ce ba a ɗauka, na ce na bar maganin ma saboda yau. Na miƙa hannuwana.

Ta tsaya inda inuwar bishiyar ta ƙare. Ta juyo da fuskar yarinyar wajena, ta janye tawul ɗin kaɗan.

"Inna, ki gan ta daga nan," ta ce. "Mijina ya yi rantsuwa a kaina in na ba ki ita." Hawaye na zuba a fuskarta. "Sunanki aka sa mata. Mun zaci ba za ki dawo ba."

Na dubi yarinyar har na ƙoshi, tana barci, leɓenta na motsi. Na sa mata albarka daga inda nake. Kayan da na kawo na ajiye a kan tabarma, ban san ko an sa mata ba.

Ban kwana uku a garin ba. Da na koma Hanwa na tuɓe na duba madubi, tabbunan baya sun taso, jajaye, har da sababbi biyu a kafaɗa. Na fita na sayo ƙanƙara, na ɗaura wa muciya sabuwar safa.